Wanke Ma'ajiyar DNS a Kwamfutar da Fayil ɗin Hosts ke Tsarewa

Duk lokacin da aka rubuta sunan wani shafi a kwamfuta, kamar jamb.gov.ng, na'urar ba ta zuwa ko'ina da wannan sunan. Sai ta fara neman lambar da ke bayansa, wadda ake kira adireshin IP, domin da lambobi na'urorin intanet ke gane junansu. Tsarin da ke mai da suna lamba shi ne DNS. Da yake neman lambar yana cin lokaci, kwamfuta kan ajiye amsar da ta samu a wata ma'ajiya ta wucin gadi, wadda masu gyara ke ce wa kash. Ban da wannan akwai wani ƙaramin fayil mai suna hosts, inda mai kwamfuta zai iya rubuta sunaye da lambobi da hannunsa, har ya toshe shafukan da ba ya so a buɗe. Rikici kan taso ne a mahaɗar waɗannan biyun. Wani zai toshe shafi amma shafin ya ci gaba da buɗewa. Wani zai cire toshiyar, shafin ya ƙi dawowa. Wani kuma zai ƙi wanke ma'ajiyar sam, don tsoron kada kariyar ta tafi tare da ita.

Maganar ta shafi ƙananan hukumomin Karaye da Rogo fiye da yadda za a zata. A waɗannan garuruwa na yammacin Jihar Kano, kwamfuta ba kasafai take zama ta mutum ɗaya ba. Ana samunta a shagon buga takardu, a ofishin makaranta, a sakatariya, a ɗakin shan magani. Hannu da yawa ke taɓa ta a yini guda: ɗalibin da ya zo duba sakamakon WAEC ko NECO, wanda zai fitar da takardar JAMB, mai cike fom ɗin neman aiki, da yaron shagon da ke zama a kanta idan babu ciniki. Mafi yawan kwamfutocin na hannu ne, an sayo su daga kasuwannin birnin Kano, kuma intanet ɗinsu daga waya ko 'yar na'urar MiFi yake zuwa, da datar da aka saya da kuɗin aljihu. Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, duk wani talla da ya buɗe kansa a shafi ya zama asara da mai shago ke ji a jikinsa. Fayil ɗin hosts ba a sayensa, ba ya buƙatar wata sabuwar manhaja, yana kuma aiki ko a tsohuwar na'ura. Shi ya sa masu gyara ke yawan komawa gare shi.

Wanda ya riga wani

Fayil ɗin hosts ya girmi DNS. A shekarun 1970, lokacin da ARPANET, kakar intanet ta yau, ba ta wuce 'yan ɗaruruwan kwamfutoci a jami'o'i da cibiyoyin binciken Amurka ba, fayil guda ne mai suna HOSTS.TXT ke ɗauke da sunan kowace na'ura da lambarta. Ana kula da shi a cibiyar bincike ta SRI da ke Kalifoniya, ƙarƙashin Elizabeth Feinler da ma'aikatanta, kowa kuma sai ya kwafo sabo lokaci zuwa lokaci. Da na'urori suka yi yawa abin ya gagara, domin kafin a gama kwafar fayil ɗin ya riga ya tsufa. A 1983 Paul Mockapetris ya tsara DNS, wanda ya raba aikin gida-gida: akwai manyan sabobi na tushe masu sunaye 13, ƙarƙashinsu akwai masu kula da ƙarshen suna irin su .com da .org, sannan kowane mai shafi da sabar da ke amsa tambaya a kan sunansa. A Najeriya ƙungiyar NiRA ce ke riƙe da rajistar .ng.

Amma ba a jefar da tsohon fayil ɗin ba. Har yau yana nan a Windows, da macOS, da Linux, da Android, kuma a tsarin da aka saba shi ake fara dubawa kafin a tambayi kowa a waje. Wannan fifikon shi ne dukkan ƙarfinsa. Abin da aka rubuta a cikinsa ya rinjayi abin da sabar MTN ko Airtel ko Glo za ta faɗa, domin ba za a ma kai ga tambayarta ba.

Za a iya kwatanta lamarin da yaron aike a gidan ɗan kasuwa. Maigida ya rubuta masa takarda ya sa a aljihu: gidan wane yana wuri kaza, gidan wane kuwa kada ka kuskura ka je. Duk gidan da ba ya cikin takardar, sai yaron ya tambaya a hanya, in an kwatanta masa ya riƙe a kansa don kada gobe ya sake tambaya. Idan wanda aka kwatanta gidansa ya tashi ya koma wata unguwa, yaron zai yi ta zuwa tsohon wurin har sai an ce masa ya manta da abin da ya ji a hanya ya sake tambaya. Umarnin ya manta bai taɓa takardar aljihunsa ba. Takardar ita ce hosts, abin da ya riƙe a ka shi ne ma'ajiyar DNS.

Yadda toshiyar take

A Windows fayil ɗin yana C:\Windows\System32\drivers\etc\hosts. A Linux da macOS yana /etc/hosts. Rubutu ne zalla, kowane layi da lamba a farko, sai tazara, sai suna. Layin da ya fara da alamar # kwamfuta ba ta karanta shi, bayani ne kawai ga mutum. Idan ana son toshe shafi, sai a haɗa sunansa da lambar da ba ta kai wa ko'ina. Da can an fi amfani da 127.0.0.1, lambar da kowace kwamfuta ke kiran kanta da ita, ta yadda mai neman shafin zai koma ya ƙwanƙwasa ƙofar na'urarsa ya tarar babu kowa. Yanzu an fi son 0.0.0.0, saboda ita ba adireshin kowa ba ce, neman yakan mutu nan take ba tare da jira ba.

Ba dole ba ne mutum ya tattara sunayen da kansa. Akwai jerin da masu sa kai suka daɗe suna tarawa suna rabawa kyauta, kamar na MVPS, da na Dan Pollock, da wanda Steven Black ke haɗawa a GitHub daga jeri daban-daban, har da zaɓin ƙara shafukan caca da na batsa. Manhajar Spybot ma tana da sashen rigakafi da ke zuba irin waɗannan layuka a fayil ɗin. Ga shugaban makarantar da ke da 'yan kwamfutoci a ɗaki guda, ko mai shagon da ba ya son yara su mai da na'urarsa wurin buga caca, wannan hanya ce mai sauƙi.

Tana da iyaka, kuma gara a san iyakar tun farko. Fayil ɗin ba ya gane dangin suna. Idan aka toshe facebook.com, ba a toshe www.facebook.com ko m.facebook.com ba, kowanne sai an ba shi layinsa. Ba ya iya toshe wani ɓangare na shafi ya bar saura, shi ya sa tallan YouTube da na Facebook ke wucewa, domin daga gida ɗaya suke fitowa da abin da ake son kallo. Haka kuma wanda ya kunna VPN ɗin cikin birawuzar Opera, ko wata hanya da ke miƙa sunan shafi ga wata saba a waje ta nemo masa, ya tsallake fayil ɗin baki ɗaya. Windows kanta tana da wasu sunayen Microsoft da ba ta bin umarnin hosts a kansu.

Abin da ke cikin ma'ajiyar

Kowace amsa da DNS ya bayar tana zuwa da wa'adi, wanda mai shafin ke sawa da daƙiƙoƙi. Wani ya sa 300, minti biyar ke nan, wani 3600, awa guda, wani 86400, kwana guda cur. Windows, in ba a sauya mata tsari ba, ba ta riƙe amsa fiye da kwana ɗaya. Kafin wa'adin ya cika, kwamfuta ba ta sake tambaya. Wannan yana rage jira sosai, musamman a ƙauyukan da sabis ke hawa yana sauka, inda kowace tambaya zuwa waje ke iya ɗaukar lokaci.

Ba amsa mai kyau kaɗai ake ajiyewa ba. Idan aka nemi suna aka dawo da cewa babu shi, wannan ma kan zauna na ɗan lokaci. Sai shafin ya dawo daidai, kwamfutar maƙwabci na buɗe shi, wannan kuwa tana nan a kan bakanta cewa babu.

A Windows akwai wani aiki na bayan fage mai suna DNS Client, shi ke riƙe da ma'ajiyar. Da ya tashi, abu na farko da yake yi shi ne ya karanta fayil ɗin hosts ya zuba abin da ke ciki a ma'ajiyar, sannan ya riƙa ƙara amsoshin da ke zuwa daga waje. Saboda haka kaya iri biyu ne a wuri guda: na gida da na hanya. Wanda ya buɗe Command Prompt ya rubuta ipconfig /displaydns zai gan su tare.

A nan ne tsoron da ake yi ya samo asali, kuma ba shi da tushe. Umarnin ipconfig /flushdns yana zubar da abin da ke ma'ajiyar, amma ba ya taɓa fayil ɗin da ke kan faifai. Da zarar an wanke, Windows ta sake karanta hosts ta mai da layukansa wurinsu. Abin da ya tafi shi ne na hanya, tsofaffin lambobi da amsoshin babu. Kariyar tana nan yadda take. Wanda ya sake duba ipconfig /displaydns bayan wankewar zai tarar sunayen da ya toshe sun dawo. Akwai kuma masu fahimtar wannan a baibai, su ga sunan shafin banza a jerin bayan sun wanke, su ɗauka ƙwayar cuta ce ta maƙale ko wani ya shiga shafin a ɓoye. A duba lambar da ke gefen sunan. In 0.0.0.0 ce ko 127.0.0.1, toshiyar ce ke nuna kanta.

Ma'ajiya ba ɗaya ba ce

Mafi yawan ƙorafin cewa an toshe shafi bai toshu ba, ba laifin Windows ba ne. Ita takan lura da kanta cewa an sauya fayil ɗin hosts ta sake karanta shi, wankewar da ake yi da hannu don a tabbatar ne. Inda gizo ke saƙar shi ne birawuza. Chrome da Edge da Firefox kowannensu yana da 'yar ma'ajiyar sunaye tasa, wadda ipconfig ba ya kaiwa gare ta. Wa'adinta gajere ne, kamar minti ɗaya, amma akwai abin da ya fi ta naci. Idan birawuza ta riga ta ƙulla hanya da wata saba, takan bar hanyar a buɗe ta ci gaba da bi, ba ta da dalilin sake neman lamba. Ga kuma kwafin shafin da ta adana a faifai, wanda za ta iya nunawa ko da babu intanet ɗin ma. Mai shago zai toshe shafi, ya wanke DNS, ya koma ya sabunta shafin a tagar da take buɗe tun ɗazu, ya ga ya fito. Sai ya yanke hukuncin cewa hosts ba ya aiki, alhali bai gwada shi ba tukuna.

A Chrome ana rubuta chrome://net-internals/#dns a wurin adireshi a danna Clear host cache, sannan a shiga chrome://net-internals/#sockets a danna Flush socket pools don a yanke hanyoyin da ke buɗe. Edge haka yake, sai dai a fara da edge:// a maimakon chrome://. A Firefox about:networking#dns ne. Wanda ba ya son riƙe waɗannan a ka, ya rufe birawuzar gaba ɗaya, duk tagoginta, ya sake buɗewa.

Daga kwamfuta zuwa waje ma akwai wasu ma'ajiyoyin. MiFi ko rawuta ko wayar da ke raba intanet tana iya riƙe amsa, kashe ta a kunna ya wadatar. Sabar kamfanin sadarwa tana da tata, wannan kuwa ba ta hannun mai shago, sai wa'adi ya cika ko a koma tambayar wata saba. Amma waɗannan ba su da ta cewa a kan sunan da ke cikin hosts, tunda ba a zuwa wurinsu a kansa. Tasirinsu yana bayyana ne bayan an cire toshiya, lokacin da kwamfuta ta koma tambayar waje.

Ma'ajiyar DNS a ƙwaƙwalwar aiki take zaune, wadda ke gogewa in wuta ta yanke. A wurin da wutar KEDCO ba ta da tabbas kuma ake kashe janareta tsakanin ciniki da ciniki, kwamfutar tebur kan wanke kanta sau da yawa a yini ba tare da an umarce ta ba. Laftof mai batir ce ke kwana da tsohuwar amsa, domin rufe murfinta barci ne kawai. Kuma tun daga Windows 8, Shut down ba ya kashe komai da komai idan tsarin saurin tashi na kunne, yana adana wani sashe ne ya ɗora daga inda ya tsaya. Restart shi ne mai tashi daga farko.

Tsarin aikin

Ana farawa da kwafar fayil ɗin a ajiye a gefe, don in an yi kuskure a sami abin komawa. Sai a buɗe Notepad da izinin mai gudanarwa, wato a danna masa maɓallin dama na linzami a zaɓi Run as administrator, in ba haka ba Windows ba za ta bari a adana gyaran ba. Daga cikin Notepad ake buɗe hosts, kuma sai an sauya zaɓin nau'in fayil zuwa All Files kafin ya bayyana. Kuskuren da ya fi yawa a nan yake faruwa: a adana shi da suna hosts.txt. Windows ba ta san wannan ba, za ta ci gaba da karanta tsohon, mutum kuwa ya yi ta wanke ma'ajiya a banza. Sunan hosts ne kawai, babu wutsiya.

Bayan adanawa sai a buɗe Command Prompt a rubuta ipconfig /flushdns. A PowerShell Clear-DnsClientCache yana yin aiki ɗaya. A macOS ana rubuta sudo dscacheutil -flushcache sannan sudo killall -HUP mDNSResponder. A nau'o'in Linux da yawa na yanzu resolvectl flush-caches ne. Daga nan a rufe birawuza a sake buɗewa. Jerin yana da muhimmanci: gyara, adanawa, wankewa, rufe birawuza, sannan gwaji.

Wajen gwajin ma akwai tarko. Umarnin nslookup ba ya duba hosts, ba ya duba ma'ajiya, kai tsaye yake tambayar sabar DNS. Saboda haka zai nuna ainihin lambar shafin ko da toshiyar na aiki lafiya. Wanda ke bin hanyar da sauran manhajoji ke bi shi ne ping. Idan an toshe da 0.0.0.0, ping zai gaza, ko ya nuna wannan lambar ko ya ce bai sami sunan ba. Idan da 127.0.0.1 aka toshe, zai kawo amsa kamar komai lafiya, amma daga 127.0.0.1 amsar ke fitowa, kwamfutar ce ke amsa wa kanta. Haɗa biyun yana warware shakka: nslookup ya kawo lamba ta gaskiya, ping ya kawo wata daban, to fayil ɗin ne ya shiga tsakani.

Wannan gwajin ne ke amfani ranar da jerin da aka kwafo ya toshe abin da ake buƙata. Yana faruwa. Shafin biyan kuɗi ko na cike fom na iya dogara da wani ɓangare da ke zuwa daga sunan da masu jerin suka ɗauka na bibiyar mutane ne, sai maɓalli ya ƙi dannuwa ko shafi ya tsaya rabi. Sakamakon farko na binciken Google, waɗanda talla ne, su ma sukan ƙi buɗewa. Ba sai an goge fayil ɗin duka ba. A nemo layin, a sa # a gabansa, a adana, a wanke, a rufe birawuza.

Nauyin babban jeri

Akwai yanayi guda da wanke ma'ajiya ke jawo wahala ta gaske, kuma ya fi samun irin kwamfutocin da ke shagunan Karaye da Rogo. Wasu jerin suna da dubun-dubatar layuka, wasu sun haura dubu 100. Tunda DNS Client sai ya karanta su duka a duk lokacin da aka kunna na'ura, ko aka wanke ma'ajiya, ko aka taɓa fayil ɗin, tsohuwar kwamfuta mai ƙaramar ƙwaƙwalwa na iya shafe mintuna tana wannan aikin. A tsawon lokacin babu shafin da zai buɗe, fanka na ta kuka, alamar intanet na nuna babu hanya. Mai shago ya ɗora laifi a kan sabis, ya sake kashewa ya kunna, aikin ya koma farko. Ga mai jiran takardarsa a tsaye, ga man janareta na ƙonewa.

Tsohuwar shawarar da ke yawo ita ce a kashe DNS Client ɗungurungum. A zamanin Windows XP da Windows 7 ana yin haka, kuma in an yi babu sauran ma'ajiyar da za a wanke, ipconfig /flushdns ma sai ya ce ya kasa. A sababbin fitowar Windows 10 da kuma Windows 11 an kulle maɓallan tsayar da shi, wanda ya bi ta rajista ya kashe shi da ƙarfi kuma yana iya wayar gari kwamfutar ba ta gane suna ko ɗaya. An gudu daga gara ke nan an faɗa gidan zago. Abin da ya fi shi ne rage nauyin. Windows tana karɓar sunaye har 9 a layi guda bayan lamba ɗaya, kuma jerin da aka matse haka yana saurin karantuwa. Mafi alheri ma a zaɓi ƙaramin jeri. Shagon da matsalarsa shafukan caca ne da wasu 'yan kamfanonin talla ba ya buƙatar sunaye dubu 100, 'yan ɗaruruwa da aka zaɓa da hankali sun ishe shi.

Idan mai gadin ne aka saye

Fifikon da ya sa hosts ya zama kariya shi ne kuma ya sa ɓarayi ke harinsa. A watan Janairun 2004 ƙwayar Mydoom.B ta riƙa rubuta sunayen kamfanonin rigakafin ƙwayoyin kwamfuta da na Microsoft a fayil ɗin, don na'urar da ta kama ta kasa samo magani. Mafi muni shi ne a haɗa sunan banki da lambar wata saba ta 'yan damfara. Mutum ya rubuta adireshi daidai, harafi bai ɓace ba, amma ya sauka a shafin bogi. A irin wannan hali wanke ma'ajiya ba ya maganin komai, ƙarya ɗin ce ma za a sake lodawa daga fayil. Dole a buɗe shi a karanta. Alamar da za a nema mai sauƙi ce: layin toshiya da 0.0.0.0 ko 127.0.0.1 yake farawa. Duk layin da ya haɗa sunan banki, ko na imel, ko na hukuma da wata lamba daban, wanda mai kwamfutar bai san da shi ba, abin tuhuma ne. A riƙa gangarawa har ƙasa, domin akan bar fili mai tsawo a ɓoye layukan a can. Gargaɗin da birawuza ke yi cewa takardar shaidar shafi ba ta dace ba, shi ne shinge na biyu, bai kamata a danna a wuce shi a shafin kuɗi ba.

Manhajojin sata da ake loda wa kwamfutocin hannu su ma sukan rubuta layukansu a fayil ɗin, don hana manhajar tuntuɓar kamfanin da ya yi ta. Wanda ya ba irin wannan manhaja izinin mai gudanarwa ya ba ta damar rubuta duk abin da ta ga dama. Tun 2020 kuma Microsoft Defender kan yi ƙararrawa da sunan HostsFileHijack idan ya ga an toshe wasu sunayen Microsoft, in aka bar shi ya yi gyara sai ya mai da fayil ɗin yadda ya zo daga kamfani, jerin da aka sha wahalar sawa ya tafi. Wannan, ba wanke ma'ajiya ba, yana cikin abubuwan da ke sa kariya ta ɓace ba a sani ba. A kwamfutar da jama'a ke amfani da ita, ya kamata masu zuwa su shiga da asusun da ba shi da izinin gudanarwa. Hakan ya fi muhimmanci ga na'urorin da ke kan Windows 7, wadda Microsoft ta daina yi wa gyaran tsaro a Janairun 2020, da Windows 10, wadda wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba, 2025.

Akwai kuma ranakun da matsalar ba ta cikin shago sam. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke na kusan awa 6, saboda kuskure a kamfanin ya sa sabobinsa na DNS suka ɓace wa duniya. Ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da layukan sadarwa a Najeriya suka shiga tangarɗa. Babu yawan wankewar da zai dawo da shafi a irin waɗannan ranaku. Kafin a taɓa komai, a gwada shafin a wata waya mai layin wani kamfani.

Wayar hannu

Yawancin mutanen Karaye da Rogo da waya suke shiga intanet, ba da kwamfuta ba, a can kuwa lissafin ya sauya. Android tana da fayil ɗin hosts, amma a kulle yake, ba a gyara shi sai an fasa tsaron wayar, abin da kan sa manhajojin banki su ƙi aiki. Manhaja irin AdAway tana iya amfani da jerin iri ɗaya ta hanyar wani VPN na cikin wayar, ba tare da fasa komai ba. Opera Mini kuwa, wadda ake so saboda tsimin data, a yanayin tsiminta mai tsanani ta sabobin kamfaninta take ɗauko shafi, toshiyar suna ba ta cika kama ta ba. Wanke ma'ajiyar waya ba ya buƙatar umarni, a kashe ta a kunna ya isa.

Inda na'urori suka yi yawa, kamar ɗakin kwamfuta na makaranta, bin kowace ɗaya ana gyara mata fayil aiki ne mai gajiyarwa. Ya fi sauƙi a sa tacewar a wurin sabar da ake tambaya. Quad9, mai lamba 9.9.9.9, tana ƙin amsa sunayen da aka san na cuta ne. Cloudflare tana da 1.1.1.2 mai toshe shafukan cuta, da 1.1.1.3 mai ƙarawa da na batsa. Ana sa lambar a rawuta ko MiFi ta shafi duk wanda ya hau, kuma tun daga Android 9 waya na da zaɓin Private DNS, inda ake rubuta sunan sabar maimakon lambarta. Sai a bar hosts ga 'yan sunayen da suka keɓanci wurin. Bayan sauya saba ma ana wanke ma'ajiyar kwamfuta a rufe birawuza, domin amsoshin da tsohuwar sabar ta bayar suna nan har wa'adinsu ya cika.